An tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa, me zan tarar a can?

Admin: Saƙo daga wata 'yar gida, ta ce a sakaya sunanta. A ba ta shawara cikin mutunci.

"Assalamu alaikum 'yan gida. Ni matar aure ce, 'ya'yana uku, ƙaramin ya shekara biyu, na yaye shi. Tun bayan ƙaramar salla barci ya ƙaurace min. Ina kwanciya lafiya, amma tun kafin kiran sallar farko idona ya buɗe, gabana na ta faɗuwa, in yi ta juyi har gari ya waye. Abinci ba ya min daɗi, na rame har mutane suna tambaya. Kuka kuwa ba gaira ba dalili. An yi min maganin maleriya, an yi na taifod, an auna jini, duk aka ce lafiya lau. Ranar Litinin likita ya rubuta takarda ya ce in je in ga likitan ƙwaƙwalwa. Wallahi tun da na karɓi takardar nan jikina ya mutu. Ni ban yi hauka ba, ina sallata, ina girkina. Me za su yi min in na je? Za su riƙe ni? Allura ake yi? Maigida ya ce in je, amma Hajiyarsu ta ce iska ce, a kai ni wurin mai ruƙiyya, kada a jawo a yi min tambari a gari."

Maman Ilham: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, sannu, Allah Ya ba ki lafiya. Ki kwantar da hankalinki, hira ce. Ni na raka ƙanwata bara. Mun yanki kati, nas ta auna mata hawan jini da nauyi, muka zauna a benci muna jira. Abin da ya fara sanyaya min rai mutanen da ke kan bencin ne: wani dattijo da jaridarsa, wata budurwa da jakar makaranta, wata mai goyo tana ba ɗanta nono. Da aka kira mu, ɗaki ne da tebur da kujeru, likita da biro da takarda. Ya yi ta tambaya yana rubutu. Babu wanda ya taɓa ta sai lokacin da ya duba idonta da wuyanta, ya sa ta miƙe hannu ya ga ko yana rawa. Ranar muka dawo gida tare. Ki fita da sassafe kawai, ki karya kafin ki tafi, ki riƙe ruwa, domin sabon zuwa yakan cinye wuni.

Abu Mu'az: 'Yar'uwa, maganar surukarki abar dubawa ce. Tashi cikin dare da faɗuwar gaba da kuka ba dalili, kuma asibiti sun duba ba su ga komai ba, wannan ai alamun shafar aljani ne ko sammu. Ki fara da ruƙiyya, ki riƙe azkar na safe da yamma, ki karanta Baƙara a gidanki. Turawa ba su san da aljani ba, shi ya sa komai sai su ce ƙwaƙwalwa.

Sista Hauwa: Ni nas ce, a sashen nan nake aiki. Bari in ba ki tsarin yadda ake yi, domin yawancin tsoron rashin sani ne ke kawo shi.

Ganin farko shi ne mafi tsawo, yakan kai minti 45 zuwa awa ɗaya, wani lokaci ya wuce. In asibitin koyarwa ne, mai yiwuwa ƙaramin likita mai neman ƙwarewa ne zai fara zama da ke, ya rubuta komai, sannan ya kai wa babban likita, su dawo su gan ki tare. Kada ki ji haushi in an maimaita miki tambaya.

Zai fara da abin da ya kawo ki: yaushe ya fara, me ya faru a lokacin, barcin farkon dare ne ba ya zuwa ko farkawa kike da wuri, ya cin abinci, ya ƙarfin jiki, abubuwan da kike jin daɗinsu da, irin zuwa biki ko hira da 'yan'uwa, har yanzu suna miki daɗi? Daga nan sai ya koma baya sosai. Haihuwarki, ƙuruciyarki, makaranta, aure, zaman gidan, ko da abokiyar zama, haihuwar 'ya'yanki da yadda kika yi jegonsu, jinin al'ada, ko kina tsarin iyali. Zai tambaya ko a dangi akwai wanda ya taɓa irin wannan, ko farfaɗiya, ko wanda ya halaka kansa. Zai tambaya ko kina shan wani abu, maganin tari mai kodin, tiramol, maganin barci, har goro da shayi mai ƙarfi.

Akwai tambayoyin da suke ɓata wa mutane rai, gara in faɗa miki su tun yanzu. Zai ce, kina jin muryoyi suna miki magana ba ki ga mai yi ba? Kina jin ana bibiyarki ko ana son cutar da ke? Yau wace rana ce, wane wata muke, ina ne nan? Zai iya faɗa miki suna da adireshi ya ce ki riƙe, bayan 'yan mintuna ya tambaye ki. Zai iya cewa ki lissafo ranakun mako daga ƙarshe zuwa farko, ko ki riƙa cire 7 daga 100. Wata takan tashi ta ce ita an mai da ta mahaukaciya. Wallahi ba haka ba ne, kowa ana masa, ko farfesa ne. Da su ake gane ciwon damuwa ne, ko wani ciwo ne ya taɓa tunani da riƙe abu. In kin kasa lissafin ma ba faɗuwa jarrabawa ba ce, mai damuwa dama tattara hankali kan yi masa wuya.

Bayan haka a duba jiki, wataƙila a rubuta gwaji: yawan jini, sikari, gwajin ciki, da na sinadarin nan na maƙogwaro da ke kawo maƙoƙo, domin in ya yi yawa yana kawo bugun zuciya da rama da rashin barci, in ya yi kaɗan yana kawo kasala da baƙin ciki. Hoton ƙwaƙwalwa ba kowa ake wa ba. Na'urar da ake manna wayoyi a kai don auna motsin ƙwaƙwalwa galibi sai ana zargin farfaɗiya, kuma ba ta da zafi, ba wuta take sakawa ba.

Ba da gado kuwa, sai wanda rayuwarsa ko ta wani ke cikin haɗari, ko ya daina ci da sha, ko ya ruɗe ba a iya kula da shi a gida. Mafi yawan masu zuwa da ƙafarsu gida suke komawa da magani, a ce su dawo bayan mako biyu ko makamancin haka.

Ummu Hanan: Sista Allah Ya saka. Ni tambayar nan ta dangi ce ta fi ba ni wuya lokacin da na je, sai da na kira babbar yayarmu a waya. 'Yar'uwa ki tambayi Mamanki tun yanzu in tana raye.

Ɗan Kurna: Ni fa ba zan ɓoye ba, maganinsu nake tsoro. Ɗan baffana da aka kai shi, ya dawo jikinsa a sandare, yana tafiya hannu ba ya lilo, miyau na zuba, wuyansa har ya taɓa karkacewa gefe guda muka ɗauka shanyewar jiki ce. Mutum mai fara'a ya koma ba um ba um-um. Ita wannan baiwar Allah tana girkinta, tana kula da yaranta, kada a je a kashe mata jiki.

Dakta Sani: Ɗan Kurna, abin da ka gani gaskiya ne, ba ƙirƙira ka yi ba, kuma sannu da ɗawainiya. Amma magungunan kala-kala ne. Sandarewa da rawar hannu da karkacewar wuya sun fi zuwa da magungunan da ake ba wanda tunaninsa ya ruɗe, mai jin muryoyi ko tada hankali, musamman tsofaffin irin haloperidol da chlorpromazine wanda aka fi sani da Largactil. Kuma abu ne mai gyara: a rage yawan maganin, ko a canja zuwa wani, ko a haɗa da Artane, maganin da ke sassauta sandarewar. Matsalar ita ce dangi su ga haka su zubar da maganin su ƙi komawa, ciwon ya dawo da ƙarfi. Da an koma washegari an faɗa, da an gyara. Shi Artane ɗin ma kada kowa ya saya da kansa a kemis, matasa sun mai da shi abin maye.

Ba zan iya cewa ga ciwon 'yar'uwar nan daga rubutu ba, sai wanda ya zauna da ita. Amma in ciwon damuwa ne, magungunansa daban suke, irin su fluoxetine, sertraline, amitriptyline. Kwanakin farko za ki iya jin tashin zuciya ko ciwon kai, amitriptyline kuma yana busar da baki yana sa barci, shi ya sa ake shan sa da dare. Abin da nake so ki riƙe da kyau: illolin suna riga amfanin zuwa. Sauƙi yakan fara bayan mako biyu zuwa huɗu, wani sai shida. Mutane da yawa a kwana na biyar suke cewa bai yi ba su ajiye. In kin warke kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida, kuma a hankali ake janyewa, ba a yankewa rana ɗaya. Ba sa sa mutum ya riƙa ƙishirwarsu yana ƙara yawa kamar Valium da danginsa, waɗancan su ne ake takatsantsan da su.

Abu biyu ki faɗa ko ba a tambaye ki ba. In kina da ciki ko kina neman ciki ko shayarwa, domin akwai magunguna irin sodium valproate masu illa ga ɗan tayi. Sannan in kin taɓa yin wasu kwanaki kina jin ƙarfi fiye da kima, barci kaɗan ya ishe ki, surutu da kashe kuɗi ba lissafi, ki faɗa, domin wannan yana canja irin maganin da ya dace.

Kuma ba kowa ake ba magani ba. Akwai zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan'adam, mako-mako, yana aiki sosai ga damuwa da fargaba, shi kaɗai ko tare da magani.

Ɗan Kurna: Na gode Dakta. Wallahi mu ba wanda ya yi mana wannan bayanin.

Dakta Sani: Wannan kuwa haƙƙinku ne. Duk wanda aka rubuta wa magani ya tambaya: mene sunan ciwon, maganin nan me yake yi, wace illa zan gani, wacce ce in na gani in dawo ba tare da jiran rana ba. In ba ka gane ba ka ce a maimaita da Hausa.

Abu Mu'az: Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya ce min in aljani ne ƙwaya za ta fitar da shi. Mun ga waɗanda suka shekara suna shan magani ba sauƙi, aka yi musu karatu suka miƙe.

Malam Auwal: Abu Mu'az, ba mai musun aljani a nan, Alƙur'ani ya tabbatar da su. Tambayar ita ce da me aka gane wannan na aljani ne? Rashin barci da faɗuwar gaba da rama, mai ciwon maƙoƙo yana da su, wanda aka yi wa rasuwa yana da su, mai bashi a kansa yana da su. In gwajin maleriya bai nuna komai ba, maleriya ce kawai babu. Hadisi ya inganta cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta, kuma an umarce mu da neman magani. Ta karanta Baƙara, ta yi azkar, ta yi wa kanta tofi da Falaƙi da Nasi, ta kuma je asibiti. Wanne ne ya hana wanne? Abin da nake jin tsoro shi ne inda za a kai mace a yi ta dukanta ana cewa aljanin ake duka, ko a turara ta da hayaƙi har ta shiɗe, ko a ce wa dangin miji ga wadda ta yi mata sammu, zumunci ya lalace. Ba mu manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, mutane ɗaruruwa a kulle, wasu da mari a ƙafa, da sunan gyara.

Abu Mu'az: Waɗannan ba ruƙiyya ta shari'a suke yi ba, Malam. Ni ban ce a doki kowa ba.

Malam Auwal: Na sani, kuma ban jingina maka ba. To mu haɗu a kan cewa duk mai ruƙiyyar da ya ce mata ta ajiye maganin asibiti, ta bar shi.

Abu Mu'az: A kan wannan ban ƙi ba. Amma ni dai da ƙanwata ce, da karatun zan fara.

Sista Hauwa: Mu a wurinmu ba a hana kowa addu'a. Masu jinya suna zuwa da zamzam da dabino, ana karatu a gefen gado. Wannan haɗin ma ba yau aka fara ba. Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, tun a 1954 a Aro ta Abeokuta, yana sauke marasa lafiya da danginsu a ƙauyukan kusa da asibiti, yana aiki tare da masu maganin gargajiya. Abin da muke roƙo ɗaya ne, ki faɗa wa likita duk abin da kika sha ko ake ba ki: rubutu, jiƙo, garin magani, habbatus sauda, maganin barcin da kika saya a kemis. Ki zuba kwalayen da takardun gwajin da aka yi miki a leda ki tafi da su. Ba don a yi miki faɗa ba, don wasu suna karo da juna ne.

Anti Ladi: Ni maganar tambari nake so a taɓa, domin Hajiyar ba ƙarya ta yi ba. A garin nan in aka ga mace ta fito daga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, shekara ashirin ana tunawa, ranar da za a nemi auren 'yarta sai wani ya ce a bincika, uwar ta taɓa taɓuwa. Kada mu yi kamar ba ma cikin mutane.

Maman Ilham: Haka ne Anti, amma akwai hanya. Ba dole sai asibitin da kowa ya sani da wannan ba. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen ƙwaƙwalwa, haka asibitin koyarwa na Shika. Ƙofa ɗaya kike shiga da mai ciwon ido da mai awon ciki, wa ya san inda kika nufa? Kuma ba dole ba ne ki sanar da unguwa.

Sista Hauwa: Gaskiya ne. Ga kuma asibitocin da aka keɓe, na Barnawa a Kaduna, na Kware kusa da Sakkwato, na Maiduguri, da Dawanau ɗin, duk suna ganin masu zuwa su koma gida. Ki duba inda likita ya rubuta a takardar, ki tambayi ranar da suke ganin sababbi kafin ki kashe kuɗin mota. Ki riƙe kuɗin kati da gwaji da magani, in kina da inshorar lafiya ki tafi da katin. In magani ya yi miki tsada ki faɗa wa likita tun a ɗakin, sau da yawa akwai mai sauƙin kuɗi da zai yi aikin.

Batun sirri kuma, abin da kika faɗa yana cikin fayil ɗinki, ba a ba wa suruka ko maƙwabciya. Doka ma ta canja. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta yi magana a kan haƙƙin mara lafiya, har da sirrinsa da neman yardarsa. Inda likita zai sanar da wani naki shi ne in ya ga ranki ko na wani yana cikin haɗari.

Ɗan Damagaram: Mu ma nan Nijar haka abin yake, da an ce Pavillon E, wato sashen ƙwaƙwalwa na babban asibitin Yamai, sai mutane su ja da baya, shi ya sa ba a kai mutum sai abu ya ɓaci. 'Yar'uwa ke da aka tura tun da wuri, ki gode Allah ki tafi.

Baban Sadik: To da wa za ta je? Ni ina ganin mijinta ne ya dace, shi yake ganin darenta.

Ummu Hanan: Baban Sadik, in kuma shi ne silar damuwar fa? Ban ce haka abin yake a gidanta ba, ta ce ma shi ya goyi bayan ta je. Amma na san mata da suka zauna gaban likita miji na gefe, aka ce ya zaman gida, suka ce lafiya lau, alhali ba haka ba ne. Wace mace ce za ta yi maganar kwanciyar aure ko gorin dangin miji a gabansa?

Sista Hauwa: Dukanku kuna da gaskiya. Ana son ɗan rakiya wanda ya san ki kafin ciwon da bayansa, domin yana ganin abin da ke ba ki lura ba. Amma kina da damar cewa, likita ina so in yi magana ni kaɗai. Likitoci da yawa da kansu suke cewa ɗan rakiya ya ɗan jira a waje, daga baya a kira shi. In kin fi sakewa da mace ki nema, in babu ki ce nas mace ta zauna. Shawarata kada a cika ɗakin, mutum ɗaya ya isa. In an zo su biyar sai su yi ta ba da labarinki ke kina zaune shiru.

Admin: Mai tambaya ta sake aiko da saƙo.

"Na karanta duka, Allah Ya saka muku da alheri, na ji sanyi. Akwai abin da ban rubuta ba da farko saboda kunya. Wasu lokutan da daddare ina jin gara a ce babu ni, yaran ma za su fi samun mai kula da su. Ban taɓa yunƙurin komai ba, ina tsoron Allah. In na faɗa wa likita wannan ba zai ce a kwantar da ni ba? Kuma ba zai ɗauke ni marar imani ba?"

Dakta Sani: 'Yar'uwa, na gode da kika faɗa, kuma wannan ita ce magana mafi muhimmanci da za ki kai ɗakin likita. Zai tambaye ki ma da kansa, kowa muna tambaya. Irin wannan tunanin yana cikin alamun ciwon, kamar yadda rashin barcin yake, yana zuwa wa masu tsayuwar dare da mahaddata. Jin cewa yaranki za su fi daɗi ba ke, ciwon ne yake nuna miki haka, kuma yana gushewa in an yi magani. Faɗarsa kaɗai ba ta sa a ba da gado. Zai tambaya sau nawa yake zuwa, ko kin taɓa tsara wani abu, me yake riƙe ki, wa kike da shi a gida. Da amsoshin yake sanin irin kulawar da kike buƙata.

Tunda haka ne kada ki ɗaga zuwan, ki je cikin makon nan. Yau ɗin nan ki faɗa wa mutum ɗaya da kika yarda da shi, maigida ko Mamanki ko yayarki. Magunguna da maganin ƙwari da ke gidan a ba wani ya adana. In tunanin ya ƙaru, ko kika ji kina tsara yadda za ki yi, ko ya shafi yaran, kada ki jira ranar asibiti, a kai ki sashen gaggawa na asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne.

Abu Mu'az: Subhanallah. 'Yar'uwa ki bi maganar Dakta ki je. Azkar ɗin ma kada ki bari. Muna sa ki a addu'a.

Anti Ladi: Hajiya kuma ki bar wa ɗanta, shi ya san yadda zai shawo kanta. Ya ce mata likitan da ya fara duba ki ne ya tura ki a ƙara bincike, kuma gaskiya ce. Ke ba sai kin yi jayayya da suruka kina cikin wannan halin ba.

Sista Hauwa: Daren da za ki tafi ki samu takarda ki rubuta watan da abin ya fara, ƙarfe nawa kike farkawa, magungunan da kika sha, da wannan maganar da kika faɗa mana yanzu. In bakinki ya yi nauyi a gaban likita ki miƙa masa takardar ya karanta. Ki kuma shirya wanda zai ɗauko yara daga makaranta, domin ba lallai ki fito kafin azahar ba.